Ba Ta Taɓa Mutuwa a Gabanka Ba, Yaya

Ranar Laraba, tara ga watan Rajab, da hantsi, Allah Ya karɓi ran yayana, bakanike, wanda duk gareji ke kira Baba Dakata. Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Labarin ya same ni a bakin titi, ina zaune cikin motata da ta mutu kusa da shataletale. Ni na kira wayarsa, da murnata, don in yi masa albishir cewa yau kam ta mutu ta ƙi tashi. Matarsa ce ta ɗauka. Ta ce, "Gwaggon yara, ya faɗi a gareji. Ko asibiti ba a kai ba."

Yaya, wanda bai sani ba zai yi mamakin mace mai murna don motarta ta mutu. Kai ka san dalili.

Tsohuwar mota ce, maigidana ya rasu ya bar mini ita. Dangi suka ce in sayar, kai ka ce in dakata. Ka kai ni filin bayan gareji ka koya mini tuƙi, ina taka burki a wurin totur, kana riƙe da ƙofa kana salati, ba ka taɓa yi mini tsawa ba. Da ita nake kai marayuna makaranta, da ita nake zuwa aiki.

Sunan Dakata ma a bakin aiki ka samo shi. Ba ka kwance ko noti ɗaya sai ka saurari inji. Na taɓa ganin wani mai tasi ya zo da sabon famfon mai a kwali, yana sauri a sa masa. Ka ce, "Dakata tukuna." Ka zare filta, ka busa, datti ya fito. Ka ce ya mayar da famfon inda ya saya, nasa lafiyarsa lau. Har yau mutumin in ya gan ni sai ya tsaya mun gaisa.

Sai motata ta fara wannan hali. Da safe ta tashi da murɗa makulli ɗaya. In ta yi zafi, ina tsaye ana jiran hannu, sai ta yi ɗif. In murɗa, inji ya juya, ya ƙi kamawa. Na baya su yi ta hon, ni ina ta istigfari. Jim kaɗan in sake murɗawa, ta tashi kamar ba ita ba. Kowa ya zama bakanike a kaina: wannan ya ce batir, wancan ya ce fulogi, maƙwabcina ya rantse kafireta ce. Kai ka ce inji abu uku yake so, mai da wuta da iska, kuma ba a gane wanda ya yanke sai a lokacin da ya yanke. Ka ce in ta mutu kada in bari a tura, kada kowa ya buɗe bonet, in kasa kunne ko famfon mai na ƙara, in kira ka. Kafin ka iso a babur, ta tashi. Kullum haka.

Ka sha ajiye aikinka ka zauna a gefena, mu yi ta zagaye cikin rana, ita kuwa tana tafiya sumul. Ka ce, "Ƙanwata, motar nan ta fi ki kunya. Tana ganin bakanike sai ta zama ustaziya." Na yi dariya, amma Allah Ya sani raina a ɓace yake. Na ce ka canza duk abin da ake zargi mu huta. Ka ƙi. Abu ɗaya kake taɓawa, ka ce in je in gwada. Ka ce matsala mai zuwa ta tafi ta fi mai zuwa ta zauna haɗari, don ita ke sa mutum ya saki jiki.

To Yaya, a nan takaicina yake, kuma ina neman gafarar Allah in na yi ƙorafi. A cikin wannan zagaye na ga abin da kake ɓoyewa. Muna tsaye ka dafa bonet, gumi ya karyo maka, ka riƙe ƙirji, ka zauna a kan taya. Bayan ɗan lokaci ka miƙe ka ce, "Ya wuce." Matarka ta ce ba yau ka fara ba. Na maimaita maka maganarka kan matsala mai zuwa ta tafi, kalma da kalma. Ka yi murmushi ka ce, "In na je gaban likita, ni ma ustazu zan zama, ba abin da zai gani." Na roƙe ka, na haɗa ka da girman iyayenmu. Daga ƙarshe ka ce, "Ranar da na gano ciwon motarki, ke za ki tuƙa ni asibiti a cikinta." Tun daga ranar nake addu'ar ta mutu ta ƙi tashi. Ita kuwa sai ta yi ta wasa da ni.

Na yi karatu gwargwado, na san ajali ba ya gaba ba ya baya, kuma ba na ja da hukuncin Ubangiji. Amma neman magani ma umarni ne, Yaya. Mutumin da ba ya barin mota ta fita daga garejinsa da ƙara ɗaya da bai gane ba, shi ya bar ƙirjinsa haka.

Bayan an tashi daga zaman makoki, abokin aikinka mai wayarin ya je inda aka tura motar gefe. Ya gano waya ce siririya mai zuwa kwail, abin da ke ba fulogi wuta, ta karye a cikin robarta. Daga waje lafiya lau. In ta yi sanyi bakin ya haɗu, in ta yi zafi ya rabu, wuta ta yanke. Ya ce ka gaya masa mai da iska sun fita daga zargi, waya kaɗai ta rage maka. Kafin in gama gaisawa da mutanen gareji da suka rako shi ya haɗa ta. Tun ranar ba ta sake mutuwa ba.

Autanmu ya daɗe yana cewa jiri na ɗibarsa, ya zo ya wuce. Tafiyar farko da na yi da motar ƙofar gidansa ce. Ya fito yana cewa, "Yaya, ki dakata sai..." Na buɗe masa ƙofa na ce, "An gama dakatawa a gidanmu. Shiga." Kujerar da ka yi alkawarin zama a kanta, shi ya zauna. Likita ya ce mun zo da wuri.

Allah Ya jiƙanka, Yaya, Ya yafe maka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa duk wanda ka tayar wa mota a bakin titi ya zama shaida a gare ka. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka da 'ya'yanka, da 'yan'uwa, da mutanen gareji. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya sa namu ya yi kyau in ya zo. Amin.