Wuyan Khairat

Inno ta iso Birmingham ne tare da iyalin wani likita, a matsayin mai rainon 'yarsu Khairat. Ita ta goya ta, ita ta yaye ta, ita ke yi mata kitso. Yarinyar ta girma ta zama marubuciya a Manchester. Inno kuwa ta tsufa a unguwar Handsworth ta Birmingham, a gidan ɗanta Safwan, mai matattakalar da gwiwoyinta suka tsana.

Da ma Khairat kan zo duk wata. Amma a bana zuwan ya yi yawa. Ta riƙa tambayar abin da likitan Inno ya ce, tana kallon matattakala, tana jan Safwan kicin su yi ƙus-ƙus da Turanci. Haka 'ya'yan Celestina maƙwabciya suka yi kafin su kai uwarsu gidan kula da tsofaffi. Inno ta daina tari a gabansu, ta ɓoye sandarta a bayan kujera.

Tana da hanya guda ta gane gaskiya. Tun Khairat na ƙarama, in za ta yi ƙarya ana mata kitso, wuyanta sandarewa yake.

"Hairatu, wannan kan naki abin kunya ne. Zauna."

"Inno, jirgina fa."

"Jirgin ubanki ne? Zauna."

Khairat, mace mai furfura, ta zauna a ƙasa tsakanin gwiwoyin tsohuwar. Inno ta tsaga gashin, ta aza tafinta a ƙeya.

"Ina za ku kai ni?"

"Gidana. Na kwashe littattafai daga ɗakin ƙasa, na sa gado. Safwan ya ce in bari sai kin huce da maganar Celestina."

Wuyan laushi ƙalau. Inno ta sake tambaya ta wata fuska, ta ja gashin don ta ruɗa ta. Bai sandare ba. Ta ci gaba da kitso har ta kai gefen kunne.

"To, in na zo, hirata ba za ta shiga littafinki ba?"

"Haba Inno. Ko kalma ɗaya."

Wuyan ya ƙage kamar taɓarya.

Inno ta ɗaure jelar kitson, ta ce Safwan ya sauko mata da akwati. Tana Manchester yanzu, a ɗakin ƙasa. In Khairat ta shigo da shayi ta zauna kusa, Inno maganar ruwan sama kawai take yi.