Bangon da Serafina Ta Sa a Jirgin Mahaifinta

Serafina Maelasi 'yar baffana ce, ta girme ni, don haka Yaya nake ce mata. A tsibiri ɗaya aka haife mu a Langalanga, irin tsibiran nan da kakanninmu suka tara duwatsun teku da hannunsu har ƙasa ta fito. Mahaifinta, Baffa Kasiano, maƙerin jiragen katako ne. Bai taɓa zana jirgi a takarda ba. Zai tsaya ya ƙura wa gungume ido yana tauna goronsa, can sai ya ce a sara nan, a bar can, kafin shekara ta zagayo ka ga haƙarƙarin jirgi ya miƙe a bakin ruwa, ya fi rufin cocinmu tsawo.

Ita Yaya Serafina boko ta yi. Ta tafi ƙasar waje ta karanci ƙirar jirage, ta dawo ta kama aiki a Honiara, babban birnin ƙasarmu, a ofishin gwamnati mai tsara dokokin jiragen ruwa. Mu a ƙauye ba mu san takamaiman abin da take yi ba. In an tambayi mahaifiyarta sai ta ce, "Tana can tana zaune a kan kujera." Abin da muke tsokanarta da shi kuma, 'yar maƙerin jirgi ce amma da an bar gaɓa sai amai.

Wata shekara wani jirgin fasinja ya nutse a wani yanki na ƙasarmu, aka yi asarar rayuka da yawa. Hankalin gwamnati ya tashi, aka ɗauko dokar wata babbar ƙasa za a kwafa. Dokar ba ta da aibi, sai dai don jiragen ƙarfe aka yi ta. Da ta wuce a yadda take, babu jirgin katakon da zai sake ɗaukar mutum. Ga shi kuwa ƙananan tsibiranmu jiragen ƙarfe ba sa zuwa, na katakon nan ne ke kai mai ciki asibiti, su kai yara makaranta, su kwashe busasshiyar kwakwa zuwa kasuwa.

Yaya Serafina ta roƙi manyanta su ba ta lokaci ta rubuta wa jiragen katako tasu dokar. Suka ba ta. Shekaru ta yi tana yawo daga wannan tsibiri zuwa wancan, da bokitin amanta a gefe. Duk jirgin da ta samu sai ta shiga cikinsa da rarrafe ta auna kaurin katako da tazarar ƙusoshi. Ta zauna da maƙera, ta zauna da matuƙa, ta nemo waɗanda suka tsira daga haɗurra ta tambaye su ta ina ruwa ya fara shigowa. Ta koma Honiara aka yi ta kai ruwa rana da lauyoyi da masu jirage, har dokar ta tabbata. Abin da ke cikinta ba shi da yawa: layi a jikin jirgi wanda kaya ba za su nutsar ba, rigar ceto ga kowane fasinja, gwajin karkata kafin a fara aiki, sai kuma bango a cikin jirgi daga bayan goshi, wato gaban jirgin, wanda ruwa ba ya ratsawa.

Jirgin farko da dokar ta faɗa wa na mahaifinta ne.

Baffa Kasiano yana gab da gama jirgin da ya ce shi ne na ƙarshe a rayuwarsa, wanda aka sa wa suna Santa Lusia. Ni aka ɗauka zan kula da injinsa, don haka ina wurin ranar da ta sauko daga kwale-kwale da abin awo rataye a wuya. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ci gasasshen kifi da gwaza, sannan ta shige cikin jirgin. Ta daɗe ba ta fito ba.

Da ta fito ta ce, "Baba, aikin ya yi kyau. Amma babu bango."

"Bangon me? Ɗaki nake ginawa?"

"Bango a bayan goshi. In ba shi, ba za a ba shi izinin ɗaukar mutane ba."

"Wa zai hana?"

Ta sunkuyar da kai. "Ni ce, Baba."

Sai ka ji duk gudumomi sun tsaya. Baffa ya tofar da goron bakinsa ya ce, "A ƙarƙashin rumfar nan aka yanke miki cibiya. Jiragen da na ƙera ne suka kai ki makaranta. Wanne ne a ciki ya nutse?"

"Babu ko ɗaya."

"To?"

"Babu wanda ya ci karo da wani abu tukuna. Ba don ƙirarka nake tsoro ba, don abin da ke yawo a teku ne."

Wani daga cikin maƙeran ya ce, "Kai, wannan gwamnatin tamu da amai take zuwa ta koya mana jirgi!" Aka kwashe da dariya, ita ma ta ɗan murmusa, amma ba ta janye maganarta ba.

Baffa ya daina yi mata magana. Mahaifiyarta ta yi kuka, ta ce ta kunyata uban a gaban yaransa. 'Yan uwa suka yi ta zuwa suna cewa ta kau da kai mana, ai jirgin gida ne. Amsarta ɗaya ce: in ta kau da kai a na gida, da wane ido za ta kalli maƙeran sauran tsibirai? Ba ta koma Honiara ba. Kullum da safe takan zo ta zauna a kan wani gungume kusa da rumfar.

Wata rana da hantsi sai ya yi magana, fuskarsa na kallon katakon da yake fiƙewa. "Bangon nan naku zai kashe jirgi. In aka toshe goshi, iska ba ta shiga, katako ya yi gumi ya ruɓe daga ciki. Kun yi tunanin wannan a Honiara?"

Ta ce, "Ba mu yi ba yadda ya kamata. Yaya za a yi, Baba?"

A nan aka fara aiki. Shi ya fito da dabarar bututun iska biyu da ke hawa har saman jirgi, masu lanƙwasasshen wuya don kada igiyar ruwa ta shiga. Ita ta lissafa inda bangon zai tsaya da kaurin da zai yi. Suka yi ta gardama kamar za su cinye juna, amma bangon ya tashi, da katakon da Baffa ya zaɓo da kansa a dajin Malaita, babban tsibirin da ke kusa da mu, ya cusa zaren kwakwa da kwalta a kowace tsaga. Daga baya ta sa aka ƙara bututun nan a cikin dokar.

Ranar gwajin karkata kuwa ba wanda zai manta da ita a tsibirinmu. Bayan an tura jirgin ruwa, ta rataye zare da dalma a tsakiyarsa, ta ce tana son mutane. Ƙauyen duka ya hau, har da Fada mai cocinmu da tsofaffi mata. Ta tsaya tana ba da umarni: "Kowa ya koma dama!" Sai a ruga dama, jirgi ya karkata, ta duba zarenta. "Kowa hagu!" Wata gwaggonmu mai jiki ta ce, "Ni dai ku gaya mini inda zan zauna, in na tashi sau biyu jirgin nan kifewa zai yi." Aka yi ta dariya. Santa Lusia kuwa duk yadda aka kwantar da shi sai ya miƙe a hankali ya dawo daidai. Baffa yana daga gaɓa, hannuwa a baya, bai hau ba.

Muka shekara da shekaru muna zirga-zirga tsakanin Auki, babban garin yankinmu, da Honiara lafiya. Bangon ma mun manta da shi, sai dai in masu kaya sun yi ƙorafin ya cinye musu wuri.

Ranar da abin ya faru, an yi kwanaki ana ruwan sama a kan duwatsu, koguna sun yi ambaliya. Muka tashi da safe, rana ta fito tas, jirgi cike da mata masu kai abarba kasuwa da ɗalibai masu komawa makaranta. Mun yi nisa, ba ka ganin ƙasa sosai ta kowane ɓangare, ina ƙasa wajen inji, sai na ji wata ƙara kamar an sare bishiya ta faɗo a kan rufi. Na kife a kan gwiwoyina. Wani ƙaton gungume ne da ambaliya ta kwaso, yana tafe a ƙarƙashin ruwa ba a ganinsa. Ya fasa goshin jirgin.

Saman jirgin ya rikice da ihu. Kyaftin ɗinmu, Dominiko, ya leƙo ya ce, "Rage wuta! Je ka duba mana gaba!"

Na ratsa ta cikin buhuna da kwanduna har na isa bangon. Abin da na gani har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Bangon yana tsaye. Ruwa na tsattsafowa ta tsagoginsa siriri-siriri kamar gumi a goshin mutum, shi ke nan. Na ɗora tafin hannuna a kai. Sanyi ƙalau, yana motsi kaɗan-kaɗan, kowace igiyar ruwa ta buga sai in ji ta a ƙashin hannuna. Teku ce gaba ɗayanta a wancan gefen, mai zurfin da ba a san ƙarshensa ba, mu kuma a wannan gefen da jarirai da abarba, tsakaninmu katakon da bai kai tsawon yatsana kauri ba. 

Na koma na ce wa Dominiko, "Ya riƙe."

"Ka tabbata?"

"Je ka taɓa da hannunka."

Ya sa kowa ya saka rigar ceto, ya tattara fasinjoji a bayan jirgi don goshin ya ɗan ɗago. Muka tokare bangon da sanduna, matasa suka karɓi famfon fitar da ruwa suna yi bi da bi, muka ci gaba da tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Matan suka fara waƙoƙin coci. Wata tsohuwa ta yi ta yanka abarbarta tana miƙa wa masu famfo, tana cewa, "Ku sha, 'ya'yana, in mun nutse ma kifi ne zai sha." Rana ta karkata sosai kafin mu hango Honiara.

Labari ya riga mu isa ta rediyo, tasha ta cika da mutane. Da aka ga ramin da ke goshin jirgin, wanda babban mutum zai shige ta ciki ba tare da ya sunkuya sosai ba, sai mutane suka matso suna leƙa shi. Yaya Serafina tana cikin taron da kayan ofis. Ta tsaya a bakin tsani tana kallon fuskar duk wanda ya sauko, har na ƙarshe. Wata mata ta gane ta, ta kama hannunta ta ɗora a kan jaririnta. Yaya ta dubi jaririn, an naɗe shi da zani a cikin rigar ceto ta manya, kansa na nutsewa a ciki.

"Haka kika riƙe shi tun daga can?"

"Babu ƙarama, 'yar uwa. Na ɗaure shi ne da igiya."

Na ga fuskarta ta sauya. Ta cire takalmi, ta karɓi tocila a hannuna, ta sauka cikin jirgin da siket ɗinta. Na bi ta. Ta daɗe tsaye a gaban bangon, ruwa har idon sawu. Ta shafa tsagogin ɗaya bayan ɗaya, sannan ta jingina goshinta a jikin katakon, kafaɗunta na rawa. Na juya baya na ba ta wuri.

A lokacin nan Baffa Kasiano ya tsufa, idonsa ya yi rauni. Ni na je na ba shi labari. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Ta wace tsaga ya fi zuba?" Na ce ta ƙasa, wajen hagu. Ya girgiza kai ya ce, "Na sani. Ranar nan kwaltar ba ta yi zafi sosai ba." Can kuma ya ce, "Ka ce wa yarinyar nan ta zo gida ta ci abinci." Ta zo, suka zauna a bakin ruwa su biyu har yamma. Ba wanda ya ji abin da suka tattauna. Bai ƙara shekara biyu ba ya rasu.

Bayan wannan, maƙeran da suka yi ta jan ƙafa suka riƙa aiko mata da kansu ta zo ta duba musu. Har daga wasu ƙasashen tsibirai aka gayyace ta ta taimaka musu da tasu dokar. Ba ta taɓa zama shugabar ofishin ba, a kan teburinta na gefen taga ta yi ritaya. Amma kafin ta tafi sai da ta ga an sa rigunan ceto na jarirai a cikin doka, abin da ya ci mata shekaru, don masu jirage sun ce ba a samunsu a ƙasar.

Yanzu tana tsibirinmu, gashinta ya yi fari. Ta tara matan coci ta koya musu ɗinka rigunan da kansu. Zuwana na ƙarshe na tarar da ita tsaye cikin ruwa har ƙugu, ta sa wa wata 'yar tsana da ta cika da yashi sabuwar riga, tana jefa ta tana kallon ko fuskar za ta juyo sama. Matan na gaɓa suna ta shewa. Sau biyu 'yar tsanar na kifewa.

Ta ɗago ta gan ni ta ce, "Kai, tsayuwar me kake yi? Shigo ka tayar mini da igiyar ruwa."

Na naɗe wandona na shiga.