Ranar da Gwaggo Ta Tare Masu Binciken Guba

Shekara ashirin da shida Gwaggo ta yi tana riƙe da makullan sito a masana'antar maganin ƙwari. Ƙanwar babana ce, gajeriya mai faɗa, ko idonta a rufe ta san abin da ke cikin kowane duro. Ma'aikata na kiranta Hukuma, don ko manaja sai ya sa hannu kafin ta ba shi safar hannu.

Wata rana aka ce baƙi na tafe daga ƙungiyar duniya mai hana makamai masu guba, saboda wasu sinadaran gidan ana iya karkatar da su a yi ɓarna. Gwaggo ta kasa cin abinci. Mijinta ya yi ta zolayarta, wai ta haɗa kayan gidan yari tun da wuri.

Lauyar kamfani ce ta kwantar mata da hankali. Ta nuna mata taswirar masana'antar mai jan layi da ya zagaye inda baƙin za su duba, ta ce yarjejeniya ta ba baƙin ikon dubawa, amma ba ta ba su ikon kama kowa ko rufe masana'anta ba, kuma sirrin sana'ar da bai shafi aikinsu ba ana iya kare shi.

Su huɗu suka zo. Gwaggo ta buɗe musu duk ɗakunan da ke cikin layin, suka karanta rubutun jikin durorin, suka ɗebi samfur. Can sai ɗayansu ya kai hannu ga kabad ɗin da ake ajiye littafin haɗin magani.

"Ranka ya daɗe, wannan ba ya cikin takardarku," in ji Gwaggo.

Shugabar tawagar ta zaro takardar izininsu ta duba, ta yi murmushi.

"Mama ta fi mu gaskiya. Gwajin samfur ya ishe mu."

Gwaji bai nuna komai ba. Da za su tafi, shugabar ta riƙe hannun Gwaggo ta ce ta daɗe ba ta ga sito mai tsari haka ba. Motarsu na fita, Gwaggo ta taka rawa a tsakar sito, leburori na tafa mata, manaja na dariya har da hawaye.

Bara ta yi ritaya. Yanzu tumatir take nomawa a bayan gida, kuma lauyar nan ta zama aminiyarta, duk Asabar sai ta zo sun sha hira a gindin lemo.