Ɗigon Aidin a Gahawar Hajo

Shekara goma sha tara Hajo tana soya gahawa a Karaye, kuma duk wanda ya san ta ya san maganarta: "Tawa ba algus." Ko ba a tambaye ta ba sai ta faɗa. Daga Mambila ake kawo mata 'ya'yan gahawar, ta soya a kasko, ta kai inji, ta ƙulla a leda. Wajen tsimi kuwa ba ta da na biyu, ko ƙanzo ba ta yarda a zubar.

Bana sai magana ta taso daga kasuwar Rogo, wai masu garin gahawa suna haɗawa da soyayyar masara. Mijinyawa mai shayi, wanda ke ɗaukar rabin kayanta, ya aiko cewa ranar Asabar zai sa a gwada garin kowa a teburinsa. Hajo ta yi dariya a gaban mutane, ta koma gida ta kasa cin tuwo. Ba ta ma san abin da take tsoro ba.

'Yarta Munawwara, malamar kimiyya a sakandare, ta zo da 'yar kwalbar aidin, irin wanda ake shafa wa rauni.

"Inna, masara tana da sitaci, gahawa kuwa kusan babu. In aka ɗiga wannan ruwan ya yi shuɗi, to akwai haɗi."

"Ɗiga mana. Me zan ɓoye?"

Munawwara ta tafasa garin, ta bar shi ya huce, ta sirka da ruwa a farin kofi, ta ɗiga. Ya yi shuɗi kamar ruwan baba.

Hajo ta zauna daɓas a ƙasa tana salati. Suka daka 'ya'yan gahawar a turmi suka sake gwadawa, ruwan bai sauya ba. Ashe ɓarnar tana tsakanin kasko da leda.

"Ko Badaru mai inji ne?" in ji Munawwara.

"Kada ki ɗauki alhakinsa," Hajo ta ce a hankali, don ta riga ta tuna.

Injin Badaru har barkono yake niƙawa. Saboda haka kullum Hajo takan ba shi gwangwanin masara ya fara niƙawa don wanke injin. Garin da ya fito kuwa, tausayin zubar da abinci yakan sa ta juye shi cikin robar gahawa.

"Ai wankin inji ne, 'yar nan, ba haɗi ba ne."

"Aidin bai san da haka ba, Inna."

Hajo ba ta jira Asabar ba. Da safiyar Juma'a ta ɗauki kofin, ta nufi teburin Mijinyawa, ga mutane cike da benci. Suka gaisa, ta ajiye kofin kusa da burodi.

"Kafin ka gwada na kowa, ga nawa."

Ya dubi shuɗin ruwan, ya dube ta.

"Subhanallahi! Hajiya, wa ya cuce ki?"

"Ba kowa, Malam Mijinyawa," ta ce. "Ni ce."