'Ya'yan Darar Baba Kuku

Wata Laraba ce bayan la'asar, shekarar da na shiga aji huɗu, wani mutum mai farin kaftani ya tsai da babur ɗinsa a ƙofar gidanmu a unguwar Gidan Dare. Kakana, wanda kowa ke kira Baba Kuku, yana gindin dogon yaro suna dara da abokinsa Malam Umaru, ni kuma ina gefe da faifai ina tsintar shinkafa. Baƙon ya yi sallama, amma idonsa ba a kan mutane yake ba, yana kan 'ya'yan darar. Tun daga nan na ji bai kwanta mini ba.

'Ya'yan darar kakana ba kara da tsakuwa ba ne irin na kowa. Wasu 'yan abubuwa ne masu kama da kwabo, sai dai sun fi shi kauri, ja da shuɗi, da farin zane a gefe. A samartakarsa ya yi girki a wani kulob na Turawa, da aka rufe wurin aka ba shi su cikin gwangwanin alawa. Su ne abin da Turawan ke zubawa a madadin kuɗi idan suna karta. Yakan ce, "Caca sunka yi da su, ni kau na musuluntar da su." Da hantsi mukan sace su mu yi kasuwar tuwon ƙasa, mu mayar kafin la'asar. Shi kuwa ba don ado yake riƙe da su ba. Idonsa ya yi rauni, tsakuwa ta saje masa da ƙasa, amma ja da shuɗi yana ganinsu sarai, da su yake lallasa Malam Umaru kullum.

Baƙon ya ce shi dillalin tsofaffin kaya ne, akwai masu tara irin waɗannan a Legas da ƙasashen waje, ya yi tayin kuɗin rago. Baba Kuku ya ce ya dawo Juma'a. Kafin ƙarar babur ta ɓace gida ya ɗauka. Inna, mahaifiyata, ta ce ruwa ba ya tsami banza, wannan kayan tsafi ake nema. Kawu Bello, mai gyaran keken ɗinki, ya riga ya sha jin labarin tsofaffin dutsen guga da ake cewa akwai wani ruwa mai tsada a ciki, don haka nasa zargin daban. "Wa ka sayen kayan wasan ɗiya da kuɗɗin rago? Wallahi akwai zinari ciki, so shikai ya cuce mu."

Ni kuma, da son a ce na ce, na ɗauki ja guda na girgiza a kunne, na ce na ji abu yana motsi. Ban ji komai ba. Har yau kunyar wannan ƙarya ba ta sake ni ba.

Ranar Alhamis Baba Kuku ya tafi taron suna a unguwar Gawon Nama. Kawu ya jefa ɗan dara guda a turmi ya sa taɓarya, sai gari kamar na fasasshiyar tukunya. Ya ce Bature ba wawa ba ne, ba zai sa a duka ba, ya jefa na biyu. Haka aka yi ta yi, yana daka ina tankaɗe da rariya, Inna tana tsaye tana tofa addu'a, har gwangwani ya koma wayam. Guda ɗaya kawai na ƙulle a bakin zanena.

Da kakana ya dawo ya sa hannu a turmin, ya murza garin tsakanin yatsunsa. Bai yi faɗa ba, da ma dukana ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Kun samu?" Sai daga baya muka ji ashe ko kusa bai yi niyyar sayarwa ba, kunyar korar baƙo ce ta sa ya ce Juma'a. Da dillalin ya dawo ranar Juma'a ya riƙe baki, ya ce, "Babu komi ciki, tsuhwansu nika saye." Kawu bai yarda ba, har ya rasu yana cewa mutumin ya ɓoye wani abu.

Malam Umaru ya zo da kara da tsakuwa. Baba Kuku ya yi ta lalube a ƙasa, yana ɗaukar ɗan darar abokinsa a zaton nasa ne, kwana uku ya ce ya gaji. Ya ci gaba da zama a gindin bishiyar, amma bai sake dara ba.

Kwanan baya ɗana ya nuna mini irinsu a waya, ana rububin saye, ya tambaya ko zan sayar da nawa. Na ce a'a. Yana cikin adakata, ja ne, gefensa ya ɗan goge. Mun zargi baƙo, mun zargi Bature, ashe ɓarnar a turminmu take.