Kunnen Hajara

Har yau idan na ji ƙamshin kifin banda sai in tuna Iya, kakarmu ta wajen uba, kuma sai raina ya ɓaci. A ƙauyenmu na kusa da Kirikasamma, da an idar da sallar isha'i takan zauna gaban murhu tana juya tarwaɗa, mu jikoki mu kewaye ta. "Ku matso, ga ta nan, ga ta nanku," haka take farawa.

Tana da wata tatsuniya ta yarinya mai laɓe. Duk sanda manya suka keɓe, sai ta manna kunne a jikin zana. Ran nan ta wayi gari kunnen ya kumbura kamar faifai, mutanen gari suka gane halinta, aka yi ta yi mata dariya a bakin kogi. Iya takan nuna mu da ɗan yatsa ta ce, "Kunne ba ya kumbura a banza. Duk wadda nata ya tashi, ta ji abin da ba nata ba."

Ƙanwata Hajara, mai shekara bakwai, ta riƙe maganar nan gam. Da damina ruwa ya cika fadama, muka yi ta iyo. Kunnenta na hagu ya soma ƙaiƙayi, ta riƙa sosawa da gashin kaza har ya kumbura. Sai ta ja ɗankwali ta rufe shi.

"Yaya, don Allah kada ki faɗa. Wallahi ban yi laɓe ba."

Ni kuwa, sakarya, na yi shiru har kwana tara. Sai da mugunya ta ɓata matashi, zazzaɓi ya kwantar da ita, sannan aka sani. Ko a lokacin, man shanu mai ɗumi Iya ta ɗiga mata.

Baba ya kai ta asibiti a Hadejia. Likita ya haska kunnen, ya ce ruwan fadama ne ya shiga, susa ta yi rauni, ciwo ya ci har dodon kunne ya huje. "Malam, da kun zo da wuri, da maganin ɗigawa da 'yan ƙwayoyi sun isa."

Na san Iya tarbiyya take nufi, Allah ya jiƙanta. Amma haushinta nake ji, na kuma fi jin haushin kaina. Hajara yanzu 'ya'yanta huɗu, kuma duk wanda zai yi mata magana sai ya zagayo ta damanta. Yarinyar da ba ta taɓa laɓe ba, ita tatsuniyar ta hukunta.