Malam Sa'idu da Injin da Ke Sallama a Ɗakin da Ba Kowa

Ranar Laraba ce da hantsi. Ina ƙofar meri, ofishin magajin gari, ina yayyafa ruwa kafin jama'a su taru, sai wani ɗan kabu-kabu da ya fito daga Kwaya ya tsaya, bai ko kashe motonsa ba. Ya ce, "Baba Gardi, kun ji Malam Sa'idu mai gyaran ordinata ya rasu?" Na ce wane Sa'idun? Ya ce Sa'idu nawa gare mu masu wannan aiki? Da asuba ne, a gidan likita na Magariya, bayan jinyar kwana tara. Na ajiye bokiti na ce Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Sannan na ƙarasa yayyafin, don ba a barin ƙofar hukuma rabi jiƙe rabi bushe.

Marigayin bai kai hamsin ba. Na san mahaifinsa, manomin gyaɗa ne, kuma na san shekarar da aka kai shi lakwal, makarantar boko, yana kuka a bayan jaki. Ya yi karatu har Damagaram, ya dawo ya zauna a Magariya, daga nan yake zagaya birorin hukuma da makarantu a kan moto, yau Yekuwa, gobe Dogo-Dogo, da jaka ɗaya a baya. Ba zan ce ba shi da aibi ba, don ba na yi wa matacce ƙarya. Idan ya ce Talata, ka sa rai Alhamis. Tarhonsa kuma kamar a rijiya yake ajiye shi. Amma idan ya iso ba ya tashi sai abu ya tashi. Wasu za su faɗi abin da suka sani game da shi. Ni abu ɗaya na riƙe, kuma ban taɓa faɗinsa ba sai yau.

Shekarun baya wani furoje, irin shirin taimakon nan, ya kawo mana inji biyu na ordinata, wato kwamfuta, don aikin takardun haihuwa. Babba aka sa a ɗakin ciki, ƙaramin kuma a kan teburin Madam Rabi, sakatariyar da ke buga takardun. Aka haɗa su da wata shuɗiyar waya da ke bi ta cikin wani ɗan akwati mai ƙyifta fitilu. Ranar da aka gama haɗawa, shugaban masu aikin ya kira ni gaban kowa, ya ɗora hannuna a kan wayar, ya ce, "Baba, kai ke shara, kai ke riƙe mabuɗi. Ko me za a yi, kada ka bar wannan ta fita." Na ce na karɓa. Ni kuwa abin da na karɓa a gaban shaidu ba na sakinsa.

Furoje ya ƙare kamar yadda suke ƙarewa. Bayan an cire gyaɗa a shekarar da rijiyar kasuwa ta rufta, mota ta zo ta ɗauki babban injin, wai za a kai shi Damagaram a duba. Bai dawo ba. Daga wannan mako ƙaramin ya shiga wani hali. Madam Rabi ta danna shi da safe, ya haska, ya nuna wani ɗan rubutu, sai ya tsaya cak, wani ɗan abu yana ta juyawa. Mukan sha shayi na fari da na biyu bai buɗe ba. Idan haƙurinta ya ƙare ta kashe ta sake kunnawa, sai jiran ya koma farko. A waje kuwa ga mutanen ƙauyuka da suka yi sammako a amalanke, mata da jarirai a baya, da iyayen 'yan makaranta masu neman takarda kafin a rufe dosiyen jarrabawa. Wasu sukan koma gida hannu wofi, su bar gona kwana biyu saboda takarda ɗaya.

An kawo masu gyara. Na farko ya ce cuta ce ta shiga injin, ya wanke shi, bai canza ba. Na biyu ya ce kuran ne, wato wutar lantarki, ba ƙarfi. Sau biyu ana ɗaukarsa a kai shi Magariya, can ya tashi kamar ɗan akuya, a dawo da shi nan ya kwanta. Na uku ya zo da rana, ya tattaɓa bayansa, ya zare shuɗiyar wayar ya yar a ƙasa, inji ya tashi, ya yi tafiyarsa bai ce wa kowa komai ba. Washegari da nake shara na ga amanata a ƙasa. Na ɗauka, na hure ta, na mayar inda take. Inji ya sake kwantawa. Aka kira shi ya dawo, aka sake yin haka, ni ma na sake yin nawa. Ko kusa ban kawo a raina cewa akwai haɗi ba. Na ɗauka dai yaran zamani ne da sakaci.

Babban sakatare na lokacin ya yi lissafinsa, kuma lissafin ba na wawa ba ne. Inji yana kwana lafiya ya tashi da ciwo, mabuɗi kuwa hannun mutum ɗaya yake. Ya tsayar da ni a tsakar gida ya ce, "Tsoho, me kake yi wa kayan hukuma?" Da ya kira ni gefe ya tambaye ni a hankali, da na faɗa masa zancen wayar. Amma a gaban mata da yara ya yi, har da nuna ni da biro. Na ce, "Ranka ya daɗe, ban ɓata komai ba." Ya ce an kira wani Sa'idu, idan shi ma ya tabbatar hannu ne ke taɓa injin, ranar Juma'a in kawo mabuɗi. Shekara ashirin da 'yan kai ina wannan ƙofa. Barin aikin bai dame ni kamar sunan da zan tafi da shi ba, a garin da jikokina ke yawo.

An ce Litinin, ya zo Laraba. Amma ya zo tun rana ba ta fito sosai ba, kafin ma'aikata. Ya jingine moto, ya zauna a tabarmata, ya sha kokon da aka kawo mini ba tare da an yi masa tayi biyu ba.

"Baba, an ce kai ne mayen injin."

"Haka aka ce. Kai ma ka zo ka sa hannu ne?"

"Na zo in ga yadda maye ke shara. Buɗe mu shiga."

Na buɗe. Bai taɓa komai ba, ya tsaya jikin bango yana kallo. Na share ƙarƙashin tebur, na goge, na sunkuya na danna shuɗiyar wayar don in tabbatar ta zauna, kamar yadda nake yi kullum. Ya ce wannan fa? Na ba shi labarinta daga farko. Ya bi wayar da ido har cikin ɗan akwatin, daga akwatin har ɗakin ciki, inda ba abin da ya rage sai tebur da sawun inda injin ya zauna.

"Yaushe aka ɗauke na nan?"

"Bayan cirar gyaɗa, shekarar da rijiyar kasuwa ta rufta. Ranar Asabar."

"Ciwon kuma yaushe ya fara?"

Na buɗe baki zan amsa, sai na ji amsar ta yi mini nauyi. Na ce, "Litinin ɗin da ta biyo."

Ya kunna injin, ya cire agogonsa ya ajiye a tebur, muka zauna. Da ɗan rubutun ya fito ya karanta mini, ya ce cewa yake yana jiran rezo, wato hanyar da inji ke magana da ɗan'uwansa. Muka jira har ya buɗe don kansa, ya duba agogo ya rubuta a tafin hannu. Ya kashe, ya miƙa hannu zai zare wayar, na riƙe masa wuyan hannu.

"Ba a gabana ba."

"Baba, aro nake so. Minti biyu."

"Wanda ya ba ni bai ce in ba da aro ba."

"Wanda ya ba ka yana can yana cin kaji a wani furojen, ya manta sunan garinku. To, kai ka zare da hannunka, ka riƙe ta, kada ka saki. Ka ga ba ta bar hannunka ba ke nan."

Na yi tunani na ga akwai hanya a maganar. Na zare na riƙe. Ya danna, kafin in gama gyara tsayuwa inji ya buɗe. Ya ce in mayar. Na mayar, ya sake kunnawa, inji ya tsaya. Sau uku muka yi haka, don ni na ce a sake. A na ukun na zauna a ƙasa.

Ga yadda ya bayyana mini, kuma ban manta ko kalma ba. Ya ce, "An koya wa ƙaramin nan kada ya fara aiki sai ya gaida babbansa. In babu waya, ya san ba hanya, sai ya wuce. In ya ji waya a jikinsa, ya ga fitilar akwatin nan, sai ya ce ai babba yana nan. Ya je ƙofa ya yi ta sallama a ɗakin da ba kowa, sai ya gaji sannan ya dawo. Ba lalacewa ya yi ba, Baba. Ladabi ne ya yi masa yawa." Ya dube ni ya ƙara da cewa, "Ku biyu halinku ɗaya."

Ban yi dariya ba. Na tuna wata mata da ta zo neman takarda sau uku daga wani ƙauye da goyo. Na ce masa idan babban sakatare ya zo ya faɗa masa gaskiya, ni zan kawo mabuɗin yau, ba sai Juma'a ba. Ya ce in bari ya gama aikinsa tukuna. Ya daɗe yana danne-danne. Ya ce ya goge adireshin babban injin daga kan ƙaramin, ya cire umarnin jiran rezo, ya kuma sallami wata ma'ajiya da yake nema a can. Sannan ya ce in mayar da wayata. Na mayar, ya kunna, inji ya buɗe nan take da wayar a jikinsa.

Da babban sakatare ya iso, ya tambaya ko hannu ne. Malam Sa'idu ya ce, "Saiti ne aka bari tun ranar da aka ɗauke babban injin. Wanda ya ɗauka ya kamata ya gaya wa ƙaramin, bai gaya masa ba." Aka ce, to tsohon fa? Ya ce, "Tsohon nan shi ya ba ni ranar da ciwon ya fara. Ba don shi ba da na kwana uku ina lalube." Duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Abin da ya rage kuma ya haɗiye. Da na raka shi wajen moto na ce don me, sai ya ce, "Wanda ya ba da umarni ya tafi bai janye ba, shi ke da laifi, ba wanda ya riƙe ba."

Daga baya ya zo sau da yawa don wasu gyare-gyare, kuma ko da wasa bai taɓa tayar da zancen ba, shi da ba ya barin tsokana ta wuce shi. Na ji yana gaya wa wani malamin makaranta, "Kafin ka kwance inji, tambayi mai shara." Na kuma ji ya ce wa Madam Rabi, ranar da ta kai hannu za ta kashe wani abu da ya yi jinkiri, "Ba duk wanda ya tsaya ne ya mutu ba, fara tambaya wa yake jira." Haka yake da mutane ma. Ban taɓa ganin ya sa wani ya ji kunyar rashin sani ba.

Ni ban yi lakwal ba. Wannan magana bakina ce, hannun Madam Rabi ne. Da muka kawo wajen wayar ta ɗaga hannu daga bugu, ta dube ni ta ce, "Baba, ashe kai ne? Ka san zagin da na sha a tagar nan?" Na ce na sani, ina tsaye ake yi. Ta ce in cire wannan wurin, tunda mai rufin ya rufe. Na ce a'a. Yana da rai, asirina ne yake rufewa. Yanzu da ya tafi, idan na yi shiru alherinsa nake binnewa, kuma 'ya'yansa suna da haƙƙin su san wane ne ubansu. Babban sakataren nan yana raye a inda aka mayar da shi, ya ji: zarginsa bai faɗi ƙasa ba, hannuna ne. Mutanen da suka yi sammakon banza su yafe mini. Idan hukuma ta ga a karɓi mabuɗi, ina ƙofa, a zo a karɓa. Shekarun da na ƙara a nan da mutuncina kyautar Malam Sa'idu ce, na kuwa ci su.

Allah Ya jiƙan Malam Sa'idu, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya rufa masa asiri ranar da asirai ke tonuwa kamar yadda ya rufa wa wani tsoho mai taurin kai. Allah Ya yalwata kabarinsa, Ya sa ya amsa tambaya ba tare da jinkiri ba. Allah Ya ba mahaifiyarsa da ke Kwaya haƙuri, Ya ba maiɗakinsa juriya, Ya raya 'ya'yansa huɗu, Ya haɗa su da masu yi musu irin abin da ubansu ya yi wa mutane. Mu kuma da muka rage, idan tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.